Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Jiran Ƙwan Zakara

Bawana na Tudun Wadar Zariya, labarinka ya iso Kano. An ce ka sayi 'yan tsaki a bakin tasha, farare tas, a rabin kuɗi, mai tallan ya rantse maka masu ƙwai ne, har ka fara karɓar kuɗin kiret a hannun masu shayin unguwa. Wata huɗu kana ɗura musu abinci, ran nan da asuba sai akurkin gaba ɗaya ya riga ladan.

Abin da ya fi ba ni dariya, Shika tana nan bayan gidanku. Can cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello take, inda aka samar da kazar ShikaBrown. Ku ne masu bugun ƙirji da birnin ilmi, amma da kiwo ya tashi sai ka nemi fatawa wurin mai kwali a ka.

To zauna, ubangidanka ya karantar da kai. Jajayen kajin gona masu ƙwai, irin su ISA Brown, tun ranar ƙyanƙyasa ake rabe su: macen ja-ja take, namijin fari-fari. Gidajen ƙyanƙyasa suna ware mazan su karyar da su, tunda ba ƙwai, ba kuma saurin nama irin na burola. Arahar da ka yi ta yi mana tutiya da ita ke nan.

Kajin gida kuwa launi ba ya tona musu asiri, sai an bi su a hankali. Daga sati 5 zuwa 6 zankon namiji yake tasowa ya yi ja, na mace yana nan ƙarami koɗaɗɗe har sai ta kusa fara ƙwai. Ƙafarsa ta fi kauri. Ka ga biyu sun tsaya ƙirji da ƙirji, gashin wuya a tashe, galibi maza ne. Wajen wata 3 gashin wuyansa da na gadon baya zai fito siriri mai tsini da sheƙi, jela ta fara lanƙwasa, alhali na sagara faffaɗa ne mai zagayayyen baki. Duk wannan ya faru a tsakar gidanka kana kallo, kana cewa ai ƙoshin lafiya ne.

Na kuma ji ka gwada su tun a tasha: ka riƙe tsako ta ƙafa, ka zazzago shi, wai in bai ɗago kai ba mace ce. Wannan canki-canka ne, Malam, ko an faɗe shi da dogon Turancinku.

Ga hukunci. Biyar da suka fi ƙiba su hau motar Kano ranar Juma'a, gaisuwar ubangida. Sauran ka kai su kasuwar Sabon Gari kafin maƙwabta su kai ƙararka gaban mai unguwa, ka kuma mayar wa masu shayi kuɗinsu.