Yadda Ake Yi Wa Nama Zane Kafin A Tuna Da Ɗanɗano

A Amurka, inda gashin nama a bayan gida ya zama aikin magidanta na ƙarshen mako, ba a cewa mutum ya iya gashi sai yankan namansa ya sauko daga wuta da baƙaƙen layuka, wasu sun gitta wasu kamar saƙar tabarma. Murhun gawayin da ya fi suna a can, mai kama da ƙwarya biyu an kifa ɗaya kan ɗaya, wani ma'aikacin masana'antar ƙarfe a Shikago, George Stephen, ya ƙirƙiro shi a 1952, da ya raba wani ƙwallon ƙarfe da ake yi wa jiragen ruwa alama da shi gida biyu ya sa masa ƙafafu. Asalin murhun Weber ke nan. Yana zuwa da ragarsa ta siririyar waya, wadda ke gasa nama lafiya lau. Laifinta ɗaya ne, zanenta ba ya fita a hoto. Daga nan aka buɗe kasuwar ragar ƙari, wadda ake saye daban a ɗora kan ta asali ko a maye gurbinta. Ga wanda ya ƙudura shiga wannan sahu, ga hanya.

Mataki na farko, ka ɗora wa tsohuwar raga duk laifin da ka taɓa yi a gaban wuta. Naman da ya fito fari fat kamar dafaffe, ita ce. Wanda ya ƙone a waje cikinsa na jini, ita ce. Kada ka bari zuciyarka ta raya maka cewa ka ɗora nama ne tun garwashi bai kama ba, ko ka ciro shi daga firij yana ɗigar ruwa ka jefa a wuta. Irin wannan tunani ba ya kai mutum kanti. Akan ce an bar jaki ana dukan taiki, to a wannan harka taikin ake duka, don shi ake iya sayen sabo.

Na biyu, zaɓen ƙarfe. Akwai ragar baƙin ƙarfe na zubi, mai nauyi, wadda kan daɗe kafin ta ɗau zafi, amma in ta ɗauka sai ta riƙe shi kamar mai riƙon gaba, sanyin nama ba ya sauko da ita da wuri. Kuɗin wannan hali hidima ce: kullum a goge, a shafa mai, a ɓoye daga raɓa, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe ta yin jar tsatsa. Akwai ta alminiyam, irin ta kamfanin GrillGrate, wadda faranti ne mai dogayen kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa, da ƙananan huji a cikin kwari. Alminiyam ya ninka baƙin ƙarfe kusan sau huɗu wajen saurin watsa zafi, don haka zafin kan bazu ya haura kan kunya, kitsen da ya narke kuma yawancinsa ya faɗa kwari ya ƙone a can maimakon ya zuba kan garwashi ya ta da harshen wuta. Kowacce ka zaɓa, ka haddace waɗannan bayanai, domin rabin amfanin raga shi ne a tambaye ka nawa ka saya.

Na uku, zanen kansa. Ka rufe murfi raga ta yi zafi minti goma zuwa sha biyar, ka tsane nama, ka barbaɗa gishiri, ka kwantar da shi a karkace yana fuskantar ƙarfe goma na agogo. Bayan kamar minti biyu ka ɗaga shi ka karkata ya fuskanci ƙarfe biyu, sannan ka kifa ɗaya gefen ka maimaita. Tsakanin nan kada ka taɓa shi, ko da surukinka ne ya ce ka taɓa. In gefe ɗaya ya ɓaci babu damuwa, nama fuska biyu gare shi, a faranti kuma ɗaya ake gani. Da baƙi sun kewaye ka, sai ka gyara murya ka sanar da su cewa wannan ƙuna ta toshe ƙofofin nama, romonsa ba zai tsere ba. Magana ce mai asali, masanin sinadarai na Jamus Justus von Liebig ne ya yaɗa ta a 1847. Gwaje-gwaje tun na shekarun 1930 sun rushe ta, kuma ba sai an shiga ɗakin bincike ba: ƙarar nan da nama ke yi a kan ƙarfe ruwansa ne ke fita yana ƙafewa, kuma ɓawo bai taɓa hana shi fita ba. Amma baƙo mai jiran nama ba ya musu da mai riƙe da wuƙa.

Ga lissafin da masu sayar da raga ba sa so ka tsaya ka yi. Daɗin gasasshen nama daga jan ɓawon da ke bayansa yake fitowa. Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912 yadda sinadaran furotin da na sukari ke haɗuwa cikin zafi su canza launi, kuma wannan haɗuwa ce ke ba gashi ƙamshinsa. Ba ta kankama sai saman nama ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salsiyos, ruwa kuwa a 100 yake tafasa ya tsaya, ga shi kusan kashi uku cikin huɗu na nama ruwa ne. Ke nan sai bayan nama ya bushe yake yin ja. Raga mai kunya tana yin wannan aiki da ƙarfi, amma a inda ta taɓa kaɗai. Tsakanin layi da layi nama na nan toka-toka bai samu rabonsa ba, layin kansa kuma sau da yawa ya zarce ja ya koma gawayi mai ɗaci. Wanda ya sayi raga don zane ya biya kuɗi ne a ƙona masa wani yanki na namansa a bar sauran. Masana'antun abinci sun daɗe da gano lagonmu: akwai injin da ke buga wa dafaffen naman kaza layuka da ƙarfe mai zafi kafin a daskarar da shi a kai kanti, alhali bai taɓa ganin garwashi ba. Abin da inji ke bugawa kamar hatimi, da wuya ya zama shaidar gwaninta.

Za a ce ai kyan gani ma wani abu ne, kuma gaskiya ne, sai dai naman da ya yi ja sumul daga gefe zuwa gefe bai taɓa korar kowa daga faranti ba. Za a kuma ce ragar tana da aikin da ya wuce kwalliya. Nan ma akwai gaskiya. Murhun gas mai raunin wuta yakan amfana da ƙarfen da ke tara zafi, kifi da yankan albasa ba sa zurarewa cikin garwashi, kitse kuma ba ya ta da gobara. Wanda matsalarsa ke nan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma a lura da dabarar da gwanayen ragar alminiyam suka fi yabo: a juya ta a kifa, a gasa nama a kan shimfiɗaɗɗen bayanta don ɓawo ya kama ko'ina. Wato mafi kyawun aikinta shi ne lokacin da ta daina zama raga ta koma faranti, aikin da kaskon ƙarfen da ke rataye a kicin zai yi ba tare da an ƙara ko sisi ba.

Mai shakka ya tsaya gaban mai nama da yamma a Kano ko Damagaram. Mai tsire ko raga ba ya bukata, tsinke ne ya kafa kewaye da wuta a tukuba, ya fere naman siriri, ya shafe shi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yana matso da wannan yana janye wancan. Mai balangu ragarsa waya ce kawai, garwashi a tare gefe guda, yana juya nama a kai a kai, abin da mai neman zane ya haramta wa kansa. Yawan juyi kuwa shi ke sa nama ya nuna daidai ciki da waje. Ba a taɓa jin wanda ya mayar da ƙunshin balangu don babu layi a jikinsa ba.

Saboda haka mataki na ƙarshe sirri ne, a yi shi baƙi ba sa gani. Ka tsane nama ƙarau, ka sa gishiri da wuri, ka tara garwashi gefe ɗaya. Yanka mai kauri ya fara nuna a gefen da babu wuta, sannan ka kai shi kan garwashi kana juyawa har ya yi ja ko'ina. In kana da ma'aunin zafi, hukumar noma ta Amurka ta ce cikin yankan naman sa ya kai digiri 63 ya huta minti uku, na kaza 74. Da ka gama, sai ka danna shi daƙiƙa kaɗan kan sabuwar ragarka don ta ci kuɗinta, ka ɗauki hoto da sauri kafin ya huce. Duk wanda ya yaba ka ce aikin raga ne. Harshe makaho ne, ba zai tona maka asiri ba.