Bayani a Kan Kayar da Darbejiya da Rabe-raben Gwanayenta

Darbejiya, wadda ake kuma kira dogon yaro, ba 'yar asalin ƙasar Hausa ba ce, domin daga yankin Indiya ta fito, kuma a zamanin Turawa, wajen 1928, aka fara dasa ta a Barno, daga can ta yi ta yaɗuwa har ta zama inuwar ƙofar gida a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Jure fari da saurin girma ne suka sa aka so ta, sai dai ba a cika gaya wa mai dasawa ba cewa saiwarta kan bi ta ƙarƙashin katanga ta tsaga ta, kuma idan ta tsufa cikinta kan ruɓe ya yi kogo, ta yadda iskar farkon damina, wadda kan zo a watannin Mayu da Yuni, ke iya karya reshenta a kan rufin kwano.

Masu aikin kayar da irin wannan bishiya kashi uku ne. Akwai ofareta, wato mai injin yanka itace, wanda ke tafe da yaransa da igiyoyinsa, kuma kuɗinsa ba ya jin rarrashi. Akwai mai faskare, wanda jarinsa gatari ne, kuma sau da yawa itacen da ya sara shi ne ladansa. Kashi na uku, wanda ya fi yawa, shi ne 'yan kallo, waɗanda ba sa karɓar ko sisi amma ba a taɓa kayar da bishiya ba tare da fatawarsu ba.

Ƙa'idar aikin sananniya ce ga masu ita: a fara sauke manyan rassa daga sama da igiya, a fafe wani yanki a gindin ta ɓangaren da ake so ta kwanta, sannan a yanka ta baya, a bar ɗan tsakiya yana riƙe da ita domin ta juya a kansa kamar ƙyaure.

Abin da ya faru da wani magidanci mai ritaya a Tudun Wada ta Gusau ya isa misalin abin da kan biyo bayan barin wannan ƙa'ida. Darbejiyar ƙofar gidansa ta karkata, uwargida ta hana yara kwana a ɗakin da ke kusa, sai ya kira wani ofareta daga Bunguɗu, wanda ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya dubi wayar lantarki, sannan ya faɗi kuɗinsa. Maigidan ya ce, “Malam, bishiya na ce ka sare, ba gida za ka gina mini ba,” suka rabu a mutunce. Dattawan majalisar da ke zama a inuwarta, waɗanda dama ba sa son a taɓa ta, suka yaba masa ƙwarai da wannan tsimi.

Bayan haka ne aka haɗa shi da wani mai faskare daga wajen Tsafe, wanda ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, “Alhaji, wannan ai kafin azahar ta kwanta.” Da aka tambaye shi ina za ta faɗi, sai ya ce, “Inda Allah ya nufa, ranka ya daɗe,” amsar da ba ta da wani aibi ta fuskar aƙida, ko da yake ta fuskar gine-gine tana bukatar ƙarin bayani.

Bai hau sama ba, bai rage reshe ko ɗaya ba. An ɗaura igiyar guga a wuyan bishiyar aka damƙa wa samarin unguwa, shi kuwa ya yi ta sara yana zagaye gindin daidai wa daida, hanyar da amfaninta kaɗai shi ne ba ta fifita wata kusurwa a kan wata ba. A nan ne 'yan kallo suka rabu mazhaba biyu, masu cewa a ja gabas da masu cewa a ja yamma, samarin kuma, don girmama manya, suka yi ƙoƙarin bin duka biyun. Gab da la'asar igiyar ta tsinke, suka zube a kwata, darbejiyar ta ɗan yi tunani, sannan ta zaɓi arewa, inda babu wanda ya ambata, ta tsinke wayar da ke kai wa layin wuta, ta kwanta a kan katangar maƙwabci da akurkin kajinsa. Ba wanda ya ji ciwo. Kafin ƙura ta lafa mai faskare ya ɓace ya bar takalmi wari ɗaya, matan unguwa kuwa sun aiko yara ɗiban ganye don siracen zazzaɓi, wanda shi ne amfani na farko da aka samu a ranar.

Washegari malamin daji ya iso yana tambayar takardar izini, wadda a ƙa'ida ake nema kafin sara, maƙwabci kuma ya aiko da magini ya auna katanga, yana mai jaddada cewa zumunci na nan daram, bulo ne kawai ya yi tsada. Dole aka sake kiran ofaretan Bunguɗu, wanda bai ce uffan ba game da abin da ya wuce, sai dai kuɗinsa ya ƙaru, bisa hujjar cewa itacen da ya dogara a kan gini yana iya zabura ya bugi mai yanka, hujjar da babu mai iya musunta. Majalisa ta koma gindin mangwaron wani gida, inda har yanzu ake ɗora laifin a kan masu cewa yamma.

Da damina ta kankama kututturen ya yi toho ta ko'ina, kamar yadda darbejiya ta saba, saiwar kuma ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashin sabuwar katangar. Da maigidan ya kai ƙorafi, ofaretan ya ce, “Alhaji, ai tonon kututture aiki ne daban, shi ma da nasa kuɗin.”