Hancin Da Ya Fi Mai Shi Yawon Duniya

Da zarar hunturu ya kankama, masara ta shiga rumbu, sai motoci masu baƙin gilashi su fara karyo kwana daga Pambeguwa suna nufo Kauru, wasu su zarce Damakasuwa, wasu kuma ta Kafanchan suke ɓullowa. 'Yan gida ne da ke aiki a Abuja suka dawo hutun ƙarshen shekara. A da tsarabarsu ba ta wuce buhun shinkafa da turmin atamfa da hawan jini. Yanzu an samu ƙari: wata kwalba a cikin dogon kwali, wadda ba a bari yaro ya ɗauko ta daga mota. Yallaɓai da kansa yake rungumo ta, kamar jinjirin da ba a yi wa suna ba.

Ni ba na sha, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Masu wannan aiki suna nan birjik, liman a masallaci, fasto a coci, kuma a kan wannan batu dai bakinsu yakan zo ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai hanci ne.

Wuskin da Yallaɓai ya kawo, wanda yake kira singil molt, ba a kwankwaɗarsa. Da yamma za a fito da kujerun roba gindin mangwaro, a gayyato mutum huɗu ko biyar masu digiri. Sai ya tsiyaya ɗan kaɗan, wanda bai kai a wanke ido da shi ba, a cikin wani kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki. Ya ɗaga shi sama yana duba launinsa a hasken rana. Ya jujjuya. Ya rufe ido, ya zura hanci, ya yi shiru har ka ɗauka wahayi yake jira. Can sai ya nisa ya ce: “Ina jin zuma. Ina jin busasshen inabi. Akwai hayaƙi can ƙasa-ƙasa. Sannan ga iskar teku.”

Iskar teku! Mutumin da ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne tafkin Jabi. Sauran kuwa kowa ya zura nasa hancin, ya gyaɗa kai, ya ce lallai shi ma ya ji teku. Ɗaya daga cikinsu, don kada a bar shi a baya, ya ce shi har warin tsohuwar jakar fata ya jiyo, kuma wai yabo ne. Wannan hanci da ke shaƙo gaɓar tekun Sikotland daga nan Kauru, shi ne dai wanda ya shekara yana wuce kwatar ƙofar gidansa bai ji komai ba. Janareta na tuƙa hayaƙi a bayan kujerarsa, bai ji ba. Hanci ne mai zaɓen aiki.

Idan ka yi gangancin tambayar mene ne bambancin wannan da sauran barasa, to ka nemi wurin zama. Yallaɓai ya haddace dokar da Birtaniya ta kafa a 2009, ya fi sanin ta bisa ga dokar aikin ofishinsa. Sai da tsiron sha'ir zalla ake yin sa, ban da wani hatsi. Sai a masana'anta guda, a turara shi a tukwanen jan ƙarfe. Sai ya kwana a gangar katako aƙalla shekara 3, kuma a cikin Sikotland, ba a wata ƙasa ba. Ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Lambar da ke jikin kwalba, 12 ko 18, shekarun mafi ƙuruciyar wuskin da ke ciki ne. Daga nan sai ya shiga rabon unguwanni: na Speyside, irin su Glenfiddich da Macallan, masu zaƙi-zaƙi ne, na tsibirin Islay, irin su Laphroaig da Lagavulin, su ne masu hayaƙi. Ka tambaye shi gundumomi nawa ne a ƙaramar hukumar Kauru, sai ya ce bari ya duba waya.

A irin wannan zama akan samu wani dattijo a gefe, kawun Yallaɓai, wanda ba a gayyata ba amma ba mai iya korarsa. Kawu ya saurari karatun nan har ƙarshe, sannan ya gyara zama.

“Tsaya, ɗana. Ka ce jiƙa hatsin ake yi?”

“Ƙwarai, Kawu.”

“A baza shi ya tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a bar shi ya tashi?”

“Haka ne, Kawu.”

“Kuma gida ɗaya, ba a haɗa da na maƙwabta?”

“Shi ne ma sirrin, Kawu.”

“To ai burkutu ne ya yi boko.”

Yallaɓai ya yi ta fama yana bayanin cewa akwai turarawa, akwai ganga, akwai shekaru. Nan Kawu ya ƙara rikicewa. Burkutu idan ya kwana biyu ya zama tsami, sai dai a zubar. Wane irin mutum ne zai ajiye giya shekara goma sha biyu bai taɓa ta ba? A ganin Kawu ɗayan biyu ne: ko mai ita ya tuba, ko an ɗaure shi. Da aka gaya masa cewa duk shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke gangar yana bin iska, kuma Turawan suna cewa rabon mala'iku ne, sai ya girgiza kai ya ce mala'iku ba sa sha, a binciki maigadi. Ni da Kawu ba wurin ibadarmu ɗaya ba, amma a kan wannan fatawa ina bayansa.

Batun hayaƙin ma abin dubawa ne. A Islay akwai wata baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓen ciyayi na dubban shekaru, da suke haƙowa su busar su ƙona a ƙarƙashin tsiron sha'ir, hayaƙin ya kama hatsin. Wannan ƙaurin shi ake saya da tsada. A gidan Yallaɓai kuwa, ran da kunu ya yi ƙauri, uwargida ba ta shan ruwa da daɗi har dare. Ashe tun tuni baiwar Allah tana dafa kayan ƙasaita, ba ta samu mai yi mata kwali ba. Haka nan za ka ji ya ce yana jin “ɗan yajin citta a ƙarshen harshe”, yana lumshe ido. Citta fa! Mutumin Kudancin Kaduna, inda cittar Kachia da Jaba da Kagarko take cika tireloli zuwa tashar jirgin ruwa. A 2023 da cuta ta afka wa gonakin citta, manoma suka yi ta kuka, hancin Yallaɓai bai jiyo ba. Sai da cittar ta zama kwatance a bakin Bature sannan ta yi daraja.

Gaskiyar da ba a faɗa a gindin mangwaron ita ce, ƙasar nan ta daɗe da masana ɗanɗano, kuma ba su taɓa riƙe biro ba. Tsohon mashayin burkutu a ƙasar Chawai ko Kumana, kurɓa ɗaya zai yi daga ƙwarya ya gaya maka tukunyar wace mata ce, da kaura aka yi ko da farfara, tsiron ya ji rana ko an yi gaggawar niƙa shi. Hukuncinsa kuma gajere ne: ya nuna, bai nuna ba, ko an yi masa ha'inci da ruwa. Ba teku, ba jakar fata. A ranar gayya, idan giyar mai gona ba ta yi ba, a kunyoyin da aka bari a karkace zai gane. Akwai ma wani gwani da kowace kasuwa take da irinsa, wanda ke bin tukwane ɗaya bayan ɗaya yana karɓar ɗanɗano, yana yamutsa fuska, yana cewa bari ya duba gaba. Kafin la'asar ya yi tatul, sisinsa bai yi ciwon kai ba. A Sikotland irin wannan mutum littafi yake rubutawa, a riƙa gayyatarsa alƙalanci.

Tarihi ma yana da nasa raha. Zamanin Turawa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, an hana sayar wa ɗan ƙasa barasar waje a Arewa, wai don a kare shi. Masu karewar kuwa suna kulob suna tsiyayawa, kuku da boyi suna wanke kofuna. Da layin dogo ya iso Kafanchan wajen 1927, garin ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, sai kwalabe suka koyi shiga jirgi ba tikiti. Yau jikan boyin ba ya neman izinin kowa. Abin da yake nema shi ne 'yan kallo, don wannan sha'awa ba a yin ta a ɗaki a kulle. Rabin daɗin kwalbar yana cikin faɗin kuɗinta, shi ya sa ba za a tashi ba sai an kawo labarin Macallan ta 1926, wadda ta shekara 60 a ganga, aka cika kwalba 40 kacal, aka yi gwanjon ɗaya a Sotheby's ta Landan a Nuwamban 2023 a kan kusan fam miliyan 2.2. Ku buga da naira da kanku, ni wayata ta ƙi. Yallaɓai yakan ba da labarin da alfahari, sai ka ce da shi aka yi cinikin.

Ni kuwa nakan so in tuna masa wani labarin na wata guda bayan wancan. A Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta dira kasuwar Cemetery da ke Aba, ta rufe shaguna sama da 200 inda ake ɗura giyar jabu a kwalaben manyan kamfanoni, da hatimi da kwali da komai. Ban ce kwalbar kowa daga can ta fito ba. Na dai lura cewa masu sayen tsofaffin kwalabe suna biyan kuɗi mai kyau idan murfi da kwali suna nan lafiya, kuma ba duka ne ke ƙarewa a tiren mai soyayyar gyaɗa ba. Mai yiwuwa iskar da Yallaɓai ya shaƙa ta gabas ce, ba ta teku ba.

To, 'yan'uwana masu carbi da kuke ta ƙyaƙyata dariya tun daga farkon shafin nan, ku matso. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wa ya fara ajiye abu ya tsufa don a ninka masa kuɗi? Tun Sikotland ba ta san hanyar Kauru ba kakanninmu suke naɗe goro a ganye, su ɗaure huhu, su yi ta dubawa suna cire mai tsutsa, har ya shekara ya zama daushe, a saye shi da tsada a kai wa sarki. Fatake sun yi watanni a hanya zuwa Gwanja saboda shi. Har gobe akwai Alhajin da zai karɓi goro ya juya shi, ya kai kunne ya ɓantara don ya ji ƙarar, ya tauna a hankali yana kallon sama, sannan ya yanke hukunci cewa wannan ba ɗan Laɓoji ba ne. Ka miƙa masa hannunruwa a taron ɗaurin aure, ka ga yadda zumunci ke mutuwa. Ga malamin zuma, mai yawo da ashana a aljihu don gwaji, wanda bai taɓa yarda da zumar kowa ba sai ta wani mutumi da shi kaɗai ya sani a wani daji da ba ya faɗar sunansa. Ga na turare, da zai shafa maka a bayan hannu ya hana ka shinshinawa, wai sai ya huce minti goma.

Uwa-uba majalisar shayi. Samarin da ba su da aikin fari balle na baƙi za su kewaye buta da gawayi tun bayan isha'i, a yi zubin farko mai ɗaci, a yi na biyu, a yi na uku, ana ɗaga hannu sama ana tsiyayawa don kumfa ta tashi. A nan za ka ji musu har tsakar dare: ganyen da aka shigo da shi ta Maraɗi ya fi na kasuwar Kano, na'a-na'a tana kashe kanumfari, wanda ya sa madara a wannan shayi bai waye ba. Wani zai kurɓa ya rufe ido, daidai yadda Yallaɓai ke yi, ya ce an yi wa sukari gaggawa. Ganyen duk daga Sin ya fito, amma kada ka kuskura ka faɗa.

A teburin wani mai shayi a bakin tasha akwai wani malami da ke zuwa kullum da safe, ba ya shan na kowa. Shi a dafa masa nasa daban, “na musamman”, kuma yana ƙara kuɗi a kai. Yakan kurɓa ya dubi sauran masu sha da tausayi. Wata rana gardama ta kaure, aka matsa wa mai shayin ya faɗi abin da yake sa wa na malam. Bawan Allah ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce: “Wallahi, Malam, ka gafarce ni, tukunya ɗaya ce. Kofin ne kawai nake canza maka.”

Malam ya ajiye kofi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce: “Kai yaro, me ka sani game da shayi? Kai dai dafawa kawai kake yi.”