Babarbare Zai Ƙera Motar Tsere

Bawana na Birni, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo ka durƙusa. Labari ya iske ni har ruga cewa ka sa yara sun tura akwalar Peugeot 504 ɗin nan da kaji ke ƙwai a cikinta zuwa garaji, wai za ka mai da ita irin motocin tseren Paris-Dakar da suka ratsa Damagaram kana ɗan yaro. Sannu da ƙarfin hali!

Zauna ubangidanka ya karanta maka. A 1986, shekarar da ayarin ya ɓullo daga Agadem ya sauka Zinder kafin ya nufi Yamai, Porsche 959 ce ta ci, René Metge na tuƙi. Injinta silinda 6 ne da turbo 2, a gangar jikinta kuwa har da Kevlar, abin da ake yi wa soja rigar kare harsashi da shi. Duk waɗanda aka ƙera irinta ba su kai 350 ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tseren 1985, wadda ko Dakar ba ta kai ba, an yi gwanjonta a Amurka a 2018 kan dalar Amurka miliyan 5.9, sama da sefa biliyan 3.

Abin da ke cin kuɗi a gyaran irin wannan mota shi ne kayanta babu su a kanti. In wani abu ya fashe a injin, wani lokaci sai an tono zanen asali, a haɗa sabon mazubi, a narka ƙarfe, a goge, a gwada, duk don mota ɗaya tak. Kai kuwa an gan ka a Kasuwar Dole kana taya tsohon kafireto, kana rantse-rantse a rage maka dala ashirin.

Na san abin da ke ruɗin ka. Kullum zancenka maƙeran Sarki Tanimu sun zuba igwa a Damagaram, me zai gagare ku? Sun zuba, ban musa ba. Sai dai Tanimu fatakensa har Tarabulus suke kaiwa, kai ko mai shayin Zango ya hana ka bashi.

Ka kira 'yan gwangwan su auna akwalar, ka kawo kuɗin in zaɓa maka maraƙi. In ka zo za ka sha nono kyauta, amma kai za ka wanke ƙwaryar.