Mun Je, Waya Ta Gano Mana

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da sun leƙa gidan kayan tarihi na Louvre a birnin Faris, da sun ƙara da cewa waya kuma ta kori gani.

Bawan Allah zai sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi, ya bi layi kamar na gidan mai, duk don ya ga Mona Lisa, zanen da Leonardo da Vinci ya yi sama da shekara 500 da suka wuce. Yana isa sai ya tarar ko dardumar sallah ba ta kai ba: santimita 77 a tsaye, 53 a kwance, ga gilashin da harsashi ba ya hudawa ya raba su. Da gumin goshi zai kutsa gaba. To, ka san abin da zai fara yi? Sai ya juya mata ƙeya, ya ɗaga waya, ya washe baki.

Masana sun daɗe suna gardama kan murmushin baiwar Allahn nan. Ni dai na gano sirrin. Wace mace ce za ta wuni tana kallon ƙeyoyin baƙinta ba ta yi murmushin takaici ba?

A bangon da ke fuskantarta kuwa akwai zanen walimar aure da mai zane Veronese ya yi, mafi girma a gidan, faɗinsa ya kusa mita 10, mahalarta sun haura ɗari. Biki guda, amma babu mai tsayawa ya ce Allah ba da zaman lafiya.

Akwai kuma gwanaye, masu goya hannu a baya. Su matsa gaba, su ja baya, su shafa gemu, su ce, "Lallai akwai zurfi." Ka tambaye su zurfin me, sai su ce, "Ai sai wanda ya sani."

Halin ba na yau ba ne. A 1911 wani Ba'italiye, Vincenzo Peruggia, ya sace Mona Lisa, ba a same ta ba sai 1913. Jama'a suka riƙa tururuwa suna kallon gurbin da ta bari. Kada ka yi musu dariya, su dai da idonsu suka kalli bangon.

Namu kuwa, in ya dawo gida aka ce, "Alhaji, yaya take a ido?" sai ya laluba aljihu: "Dakata in duba."