Ranar da Ƙusa Ta Durƙusar da Hilux

A ranar 2 ga Janairun 1987, sojojin Chadi suka afka wa sansanin Libiya da ke garin Fada, can arewacin ƙasar, a cikin motocin a-kori-kura ƙirar Toyota waɗanda aka girka wa makaman fasa tanka. Cikin yini guda tankokin Gaddafi suka koma tarkace a cikin rairayi, har ana kiran ƙarshen wancan yaƙi da sunan Toyota. A 2003 kuma masu shirin motoci na Top Gear a talabijin ɗin BBC suka sami wata tsohuwar Hilux, suka bari teku ta shanye ta, suka cinna mata wuta, daga bisani suka ɗora ta a kan wani dogon bene aka rushe shi da nakiya. Da aka zaƙulo ta daga ɓaraguzai, makanike ya ɗan tattaɓa ta, ta tashi.

Duk wannan tarihi yayan amarya ya san shi, kuma bai rage wa kowa ko kalma ɗaya ba tun daga fitowa Kano har aka wuce Dambatta. Ma'aikacin ofis ne, tasa motar 'yar ƙarama ce, wannan Hilux ɗin kuwa wurin maigidansa ya aro ta don kai kayan ɗakin ƙanwarsa Kazaure. A bodi an lafta gado da katifa da kujeru da kwanuka, an ɗaure da igiya. A kujerar baya akwai Gwaggo, shugabar 'yan jere, da wasu mata biyu da ba sa magana sai ta fara. A gaba kuwa mai ba ku wannan labari ne, rungume da madubin amarya, domin an ce idan ya fashe shi za a tambaya.

Ana cikin bayanin yadda kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, sai bayan motar ya soma rawa, wata ƙara tana tashi fat-fat-fat. Yaya ya ce hanya ce. Gwaggo ta ce ita dai hancinta na jin ƙaurin roba. Allah ya sa ya taka birki da wuri ya gangara gefe, don tayar da ta sace in aka ci gaba da takawa a kanta, bakin wili ne ke yanka gefenta, kuma taya in ta yage a gefe ta wuce faci. Ta baya ce ta hannun dama. Ta kwanta shame-shame, motar ta karkace da kayan amarya.

"Abu mai sauƙi," in ji Yaya. Ya naɗe hannun shaddarsa, ya zagaya motar sau ba adadi, yana neman safaya. A motarsa but ake buɗewa a ɗaga kafet. Nan babu but. Ya yanke hukuncin cewa lallai tana ƙarƙashin katifa, har ya fara kwance igiya, sai ga wani dattijo a kan keke da fartanya ɗaure a kariya. Ya tsaya, ya yi sallama, ya yi jaje, ya ɗan kalli abin da ake yi.

"Ɗan nan, me kake nema a cikin kayan mutane?"

"Safaya, Baba."

"To duƙa ka leƙa ƙarƙashi."

Ashe dattijon tsohon karen mota ne. Ya yi zamani da a-kori-kurar Fijo 404, lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke cika hanyoyin Arewa da su, ana loda musu buhuna da awaki da fasinja har sai bayansu ya kusa shafar kwalta. Mutumin da ya yi irin wannan rayuwa ba ya ganin an ɗaga jak ya wuce. Ya jingine kekensa.

Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye da sarƙa. Sai an harhaɗa wasu sandunan ƙarfe, a zura ta wata 'yar kafa da ke saman bamba ta baya, a laluba har su kama bakin abin naɗe sarƙar, sannan a riƙa murɗawa tayar na saukowa. Su kuwa sandunan da jak da sifanar taya, masu ƙera motar sun ga babu inda ya dace su ɓoye su sai wajen kujerar baya. Wato daidai inda Gwaggo ke zaune.

Gwaggo ta ce tun a gida ta yi niyya ba za ta taka ƙasa ba sai a ƙofar ɗakin 'yarta. Yaya ya ce, "Gwaggo, ki yi wa Allah ki yi haƙuri, minti biyu ne kawai." Ta ce tun yana cikin zanen goyo take jin minti biyun maza. Sai da aka sauko da kujera ɗaya daga cikin na amarya aka ajiye mata a gindin wata bedi, sannan ta fito, ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce to a fara, tana kallo.

Sarƙar ta yi tsatsa. Da alama tun da aka sayi motar babu wanda ya taɓa ta, kuma ta ga damina da yawa. Dattijo ya sa aka zaro ma'aunin baƙin mai aka ɗiɗɗiga mata abin da ya samu, Yaya ya kwanta rigingine yana bubbuga ta da sifana. Da ta tashi sakin jiki, sai ta sako masa busasshen taɓon jihohi uku a fuska da wuyan riga. Shaddar fara ce, sabon ɗinki, ta ɗaurin aure. Ɗaya daga cikin matan ta buɗe baki za ta yi dariya, ta dubi Gwaggo, ta ga ba a ba da izini ba, ta mayar da ita tari.

Daga nan aka shiga babin jak. Yaya ya kafa shi a jikin bodi, dattijo ya ce in yana son ya mayar wa mai mota da ita a loɓe, to ya bar shi nan. Wurinsa ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ne, kusa da sifirin. Aka gyara, aka ja birkin hannu, aka sa giya, aka samo duwatsu aka yi weji a tayar gaba. Yaya ya kama murɗawa da ƙarfinsa, jak na miƙewa, mota ba ta motsa ba. Mai ba ku labari, wanda madubi ya hana shi taɓa komai sai ba da shawara, shi ya lura cewa jak ɗin ƙasa yake yi. Gefen hanyar rairayi ne, ga nauyin mota ga na lodi duk sun taru a kan gindin da bai fi tafin hannu ba. Dattijo ya ce a nemo katako mai faɗi. Yaya ya hau bodi ya lalubo wani ya miƙo, babu wanda ya tambaye shi na mene ne.

Sai notuna, guda shida. Ƙa'ida ita ce a fara sassauta su tun taya na ƙasa, nauyin mota na riƙe da ita, domin in aka ɗaga sannan aka shiga kokawa da su, ana iya ture motar daga kan jak, kuma mutane sun rasa hannu da ƙafa ta wannan hanya. Don haka aka sake sauke abin da aka sha wuya aka ɗaga. Yaya ya kafa sifana ya danna har jijiyoyin wuyansa suka fito.

"Ɗan nan, ɗaurewa kake yi. Hagu ake yi."

Ko da aka koma hagun ba su motsa ba. Wanda ya ɗaura su na ƙarshe da injin iska ya ɗaura, irin wanda ke ƙara kamar bindiga, kuma yaran shago ba sa sakin kunamarsa sai sun ji noti ya yi kuka. Yaya ya hau kan sifana da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle, ta zame, ya tafi da baya, hularsa ta gangara kan kwalta, wata tirela da ta fito daga wajen Daura ta bi ta kai. Dattijo, wanda ba zai kai rabin nauyinsa ba, ya daidaita sifanar a kwance, ya tabbatar ta shige noti sosai, ya dafa bodi, ya ɗora ƙafa a can ƙarshenta ya saki jiki a hankali. Ƙiiƙ. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ce daga kujerarta, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Shi wannan biro aka koya masa."

An cire tayar da ta sace, an ɗora safaya, an ɗaura notuna ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi don wili ya zauna daidai. Yaya ya goge zufa, murya ta dawo masa, har ya fara cewa ai dama ya faɗa abu ne mai sauƙi. Aka fara sauke jak. Mota ta sauko, ta taɓa ƙasa, ta ci gaba da saukowa.

Babu iska a safayar ko ta busa balan-balan. Taya ko ba ta da huji tana rage iska sannu a hankali ta jikin robar da ta bawul, shi ya sa ake cewa a riƙa auna safaya tare da sauran, abin da a ƙasar nan sai ka yi yawo kafin ka ga mai yi. Dattijo ya tofa yawu ya goge gefenta ya nuna wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 2314. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi ta a mako na 23 na 2014, amarya na firamare. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya ta wuce shekara huɗu da ƙerawa a yi hattara da ita, ko da zanenta bai suɗe ba, domin roba na bushewa ta tsattsage, balle a zafin Arewa. Sai dai shela daban, aljihu daban. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Legas a 2008, tun daga nan kusan kowace taya daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Kwastan sun haramta shigo da tsofaffin tayoyi, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan mota ya ga 'yan Beljiyam jibge sun fi tsayin mutum, ana goge su da man baƙi suna sheƙi.

Aka sake ɗaga mota. Aka tare ɗan acaɓa, Yaya ya hau baya rungume da tayar da ta sace, wadda ta kusa kilo 30 da wilinta, babu hula, suka koma Dambatta. Mai ba ku labari ya damƙa wa Gwaggo amanar madubi ya bi su a wani babur, don a cewarta ba a barin wannan yaro shi kaɗai da kuɗi a hannu.

Mai faci na zaune a ƙarƙashin rumfar buhu, gabansa rabin duro cike da baƙin ruwa, gefe ga injin iska da tsohon fistan da ake zuba wa mai a cinna wuta a danne faci da shi. Wannan dabara ta gasa roba da zafi jikar wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista ce a Amurka a 1844, ita kuwa tayar iska wani likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa a Belfast, ya kuma yi mata rajista a 1888. Babu ɗayansu da ya hango cewa wata rana harkar sufurin ƙasa guda za ta rataya a wuyan mutumin da jarinsa bai wuce duro da fistan ba. In masu faci suka tafi yajin aiki na mako guda, da an ga wanda ke riƙe da hanyoyin Najeriya.

"Alhaji, sai ka kawo kuɗin fetur tukuna. Injin babu mai."

Aka aiki yaro da galan. Da injin ya tashi aka ba taya iska, aka yayyafa mata ruwan sabulu, kumfa ta tsiro a tsakiyar zane. Mai faci ya sa filaya ya zaro ƙusa 'yar inci uku, sabuwa ful, ko tsatsa babu, irin ta kafintoci. Yaya ya yi shiru, domin da safe shi ya matsa da baya har cikin rumfar kafinta don kada a wahala wajen ɗora gado. Tayar ba mai tif ba ce, saboda haka ba a ko cire ta daga wili ba. Ya rarake hujin, ya shafa wa wata igiyar roba gam, ya cusa da allura mai kauri, ya zare, ya yanke saura. Aikin da ya cinye wa masu ilimi rabin yini bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Ya tambayi nawa za a ba ta, Yaya ya ce a cika ta sosai. Mai faci ya ce adadin na rubuce a jikin ƙofar direba, amma tun da ƙofar na can bakin hanya, zai sa abin da ya saba sa wa irinta.

Da suka koma sun tarar an sauke sauran kujerun, an jera su a inuwa, wata mai tallar fura ta samu ciniki, Gwaggo na ba dattijo labarin yadda aka kai nata kayan a kan jakuna kuma aka isa kafin azahar. Dattijo ya ɗaura taya da hannunsa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in dai ba za a damu ba a bar masa katakon nan da aka ɗora jak, zai gyara ƙofar akurki. Yaya ya ce ya ɗauka mana, har da godiya.

An shiga Kazaure bayan magariba, dangin ango sun gaji da leƙe. Da fitilar waya aka yi jere. Yaron kafinta ya haɗa gado, ya shiga jera katakan da katifa ke hawa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce saura ɗaya, kuma na tsakiya ne. Aka duba bodi, aka duba ƙarƙashin kujera, aka fara zargin kafinta da ha'inci. Gwaggo ba ta ce komai ba sai da ɗakin ya cika da dangin ango, sannan ta ɗaga murya ta ce a kira mata yayan amarya, ya zo ya faɗa wa mutane inda kajin wani bawan Allah ke kwana yau.