Tukunyar Ladi Kwali ta Fulawa

A makarantun kuɗi na Abuja, idan an ce an ba yaro aikin gida, to ubansa aka ba. Takardar da 'yata Ummi ta miƙo mini ranar wata Juma'a cewa ta yi makon al'adu ya gabato, kowane ɗalibi ya zo da tukunya irin ta Ladi Kwali, da tutar Najeriya, da taswirar ƙasa mai jihohi 36. Daga ƙasa aka jero kayan aiki: ƙullun wasa mai launi, fentin ruwa, gam, kwali. Washegari na taso daga Kubwa har kasuwar Wuse. Mai shago ya jero mini wasu 'yan mitsi-mitsin robobi, ya faɗi kuɗinsu. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da ƙarin bayanin cewa daga waje ake kawo su, dala ce ta tashi. Na yi masa fatan alheri na fito.

A hanyar dawowa zuciya ta yi ta zuga ni. Mu da muka ƙera motar kara da ta langa-langa, muka gina shanu da yumɓun bakin kududdufi, yau mu za a sayar wa laka a roba? Ita kanta Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a gida ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ban taɓa jin ta yi odar ƙasa daga Ingila ba.

Uwargida ta ce, "Abban Ummi, ga Ushafa nan kusa da mu, matan Gbagyi suna ta ginin tukwane, har Bill Clinton ya je a 2000. Ka je ka sayo yumɓu mana." Na ce ai kuɗin mai muke gudu, kuma duk abin da nake bukata yana cikin kicin ɗinta. Nan take fara'arta ta ɗauke.

Ƙullun dai ba shi da wuya: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 2, sai ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan har ya daina kama hannu. Gishirin ne ke hana shi lalacewa, kuma shi ke hana yaro ci, in ji masana, waɗanda ba su san Auta ba. Ummi ta gina tukunyarta, ta zana mata ƙadangare da tsinken tsintsiya. Ragowar ƙullun Auta ya mulmula shi ƙanana-ƙanana zai yi carbi, ya shanya a faranti.

Wajen launi ne na so in nuna wa yaran cewa ubansu ya yi kimiyya a sakandare. Kurkur ya ba mu rawaya, zoɓo ya ba mu ja mai kyau. Kore ne ya gagara. Na daka zogale na tace, da ya bushe a takarda sai ya koma kalar miyar kuka da ta kwana. Sai na tuna jan zoɓo ba ya tsayawa wuri ɗaya: in ya haɗu da tsami ya ƙara haske, in ya haɗu da kanwa ya juya shuɗi-shuɗi, har ya doshi kore. Na ɗiga ruwan kanwa, kofi ya rikiɗe a gaban idonsu, Ummi ta ce, "Abba, sihiri ne?" Na ce ilimi ne. Muka shafa tuta, kore a dama, kore a hagu, duk da korenmu na masu haƙuri ne. Kuskuren ilimin shi ne Auta ma ya ji darasin. Ina juya baya ya matse lemun tsami a kan tutar don ya gwada ɗaya ɓangaren. Najeriya ta wayi gari da tuta ruwan hoda, fari, ruwan hoda.

Gam kuwa sitacin rogo na dama da tafasasshen ruwa har ya yi kauri. Muka zana taswira a kwalin Indomie, kowane yanki da hatsinsa: gero a Sakkwato da Katsina, dawa a Kano, shinkafa a Kebbi, wake a Borno, garin kwaki a kudu.

Hajiya kakar yaran, wadda ta zo daga Zariya ganin likita, tana zaune a tabarma tana kallonmu tana taunar goro. Ta kira Auta: "Zo nan angona, ubanka zai ƙarar muku da abinci." Ta ce a ɗebo mata baƙin gindin tukunya. Aka duba, tukwanenmu na gas ne, fes suke. Sai da na je wajen mai shayin bakin layi na roƙi baƙin tukunyarsa, yana kallona yana tunanin ko asiri zan haɗa. Hajiya ta kwance ƙaro daga ƙullin kayanta, ta jiƙa, ta haɗa da baƙin ta tace, ga tawada irin ta makarantar allo. Da ita Ummi ta rubuta sunayen jihohi.

Ranar Lahadi surukina ya iso ba sanarwa. Ƙanwar uwargida ta shiga kicin da gaggawa, ta ga farantin carbin Auta, ta ce ashe Yaya ta yanka cincin. Ta soya. Ya yi ja, ya yi kyau, aka kai wa Baba da ruwan sanyi. Ina durƙushe ina gaishe shi na ga ya jefa guda uku a baki. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Dattijo mai kara, bai tofar ba, ya haɗiye, ya shanye ruwan kofin, ya ce, "Madalla. Amma ku riƙa rage gishiri, saboda hawan jini." Auta ya leƙo ya fashe da kuka, wai Kaka ya cinye masa carbi. Ban ɗago kaina ba har aka kira la'asar.

Daren nan aka kwana ana ruwa, ga shi an ɗauke wuta. Gishiri kuwa yana jan danshi, abin da damina a Abuja ba ta rowarsa. Da asuba na haska fitilar waya: tukunyar ta yi gumi, wuyanta ya shige cikinta, ta zauna daɓas. Taswira kuma tururuwa sun yi layi tun daga bakin taga. Sun kwashe Kebbi gaba ɗaya, sun ci rabin Kano, suna jan Borno ɗaya bayan ɗaya. Garin kwaki ya jiƙe ya kumbura, Legas ta haɗiye Ogun. Rubutun tawadar Hajiya kaɗai ya tsira, kowace jiha ga sunanta ba ita.

Ummi ta daɗe tana kallon tukunyar. Sai ta ɗauki tawada ta ɗiga mata idanu biyu da baki, ta rubuta a kwali: Dutsen Zuma. Na ce ai tukunya aka ce. Ta ce, "Abba, Ladi Kwali naira 20 ce, Zuma naira 100."

Da yamma ta dawo da wata takardar. Malamar ta yaba da amfani da kayan gida, tana roƙon mahaifin Ummi ya daure ya haɗa wa ajin gaba ɗaya irin wannan ƙullu kafin Juma'a. Uwargida ta karanta sau biyu, ta tashi ta kulle sito, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta.